Zamana a Tawa, da sanda a hannu

Ni 'yar Sakkwato ce, kuma gurguwa ce. Shan inna ya kama ni ina da shekara biyu, ya shanye mini ƙafar hagu tun daga cinya. Da sanda na tashi, daga baya aka yi mini takalmin ƙarfe da nake ɗaurawa har saman gwiwa. Innata ce ta riƙa goya ni zuwa firamare har na kai aji uku, ana ce mata wahalar banza take yi, wai wa zai ɗauki gurguwa aiki. Da yardar Allah na yi karatu har Jami'ar Bayero ta Kano, na karanta fannin koyar da masu buƙata ta musamman. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san wadda ke magana. Abin da zan faɗa a jikina nake ɗauke da shi.

Bayan gwamnatin Najeriya ta sake buɗe iyakar Illela a watan Disamba na 2020, wata ƙawata ta turo mini sanarwar wata ƙungiya da ke neman masu aikin sa kai, masu jin Hausa, don aikin wayar da kai kan nakasa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Babu albashi, sai kuɗin abinci da na ɗaki. Baba bai so ba da farko. Ya ce ga ni mace, ga lalura, ga ƙasar da Turancina ba zai yi mini amfani ba. Inna ce ta kashe maganar, ta ce: "Malam, yarinyar da ta je Kano ta dawo da digiri, Tawa ce za ta gagare ta? Ai Tawa ta fi Kano kusa." Gaskiyarta kuwa. Daga Sakkwato zuwa Illela, a tsallaka Birnin Ƙonni, a miƙa arewa ta Badagishiri, ko rabin tafiyar Kano bai kai ba. Bayan damina ta 2021 na tafi.

An sauke ni a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya. 'Ya'yanta maza duk suna Abijan wajen neman kuɗi, sai matansu da jikoki cike da gida. Haka gidaje da yawa suke a ƙasar Adar, wato yankin da Tawa take: in an gama girbi maza sai su kama hanyar Kwaddibuwa ko Najeriya ko Libiya, wasu su dawo da saukar ruwa, wasu su shekara biyu ko uku sai dai aike. A lokacin ban san wannan zai zama jigon aikina ba.

Ranar da na sauka Hajiya ta dubi ƙafata, ta dubi dokin ƙofar ɗakin da aka gyara mini, wanda ya yi tsawo ƙwarai saboda ruwan damina, ta kira wani jikanta ta ce ya ɗebo ƙasa da duwatsu. Kafin magariba sun yi mini gangare. Ba ta tambaye ni abin da ya same ni ba, sai da muka saba. Ta ce, "Ɗiyata, nan gidanku ne. In kina son abu ki hwaɗi, kada ki yi kawaici." Hausarsu da tamu ta Sakkwato kusan ɗaya ce, don haka ban sha wuyar harshe a gida ba. A ofis ne na ji jiki, inda takardu duk da Faransanci suke, sai an fassara mini. Lissafin kuɗi ma ya ɗauke ni lokaci, domin a kasuwa da dala ake ƙirge, dala ɗaya sefa biyar, jika ɗaya sefa dubu. Wata 'yar jikar Hajiya mai shekara tara ce ta zama malamata, ita ke raka ni kasuwar Lahadi tana yi mini ciniki.

Da asuba nake tashi, domin ɗaura takalmin ƙarfe da shiryawa kan ci mini lokaci fiye da sauran mutane. In sha koko da ƙosai, ɗan kabu-kabun da muka yi yarjejeniya da shi ya zo ya ɗauke ni, ina zaune a karkace, sandata a kan cinya. Da rana fura ce da nono, irin damun da ban taɓa shan kamarsa ba. Da dare tuwon gero miyar kuka, wani lokaci dambun zogale. Babban abokin gabata a Tawa yashi ne. Sanda na nutsewa a ciki, takalmin ƙarfe na cika da shi, ya goge mini fata har ta yi ciwo. Masu keken guragu mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu, sun fi ni shan wahala. Na sha ganin namiji ƙaƙƙarfa ya maƙale a lungu yana jiran yara su zo su tura shi. Duk wanda ke tsara aikin nakasassu daga cikin ofis mai siminti, ya kamata a ba shi sanda ya zaga unguwa ɗaya da tsakar rana.

Mu huɗu ne ke fita tare. Akwai wani malami makaho, ɗan asalin yankin, da ya yi karatu a makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da ke Yamai. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a can. Akwai wata budurwa kurma, tela ce, wadda sanƙarau ya tafi da jinta tana ƙarama. Sai direba, sai ni. Mukan je makarantu, da dandalin masu gari, da gidajen suna, da wani gidan rediyon al'umma inda muke da fili sau ɗaya a mako. Abin da muke faɗa ba shi da wuya: shan inna ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ɗigon rigakafi ke tare ta, sanƙarau da ƙyanda na kurmantar da yaro, yanar ido ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki mutum ya koma gani, farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Nakan gaya musu cewa tun 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe, amma rigakafi bai ƙare ba. Da na faɗa sai in ɗaga zanena kaɗan in nuna ƙarfen. Babu wani hoto da muka zo da shi da ya kai wannan tasiri.

Mushe kuwa in ya zaro allonsa da ɗan tsinkensa na rubutun makafi, ya ce wani yaro ya raɗa masa sunan kakarsa, ya huda takarda, sannan ya juya ta ya shafa da yatsa ya karanto, sai wuri ya kaure. Ɗigo shida ne kacal ake sarrafawa su ba da dukkan haruffa. Yakan tuna wa dattawa Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da ya yi ladanci a Madina, wanda aka sha bar masa riƙon garin idan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tafiya, wanda kuma a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka. Ban taɓa ganin limamin da ya ji wannan bai gyara zama ba.

Amma taro daban, cikin gida daban. Yaran da muka fi nema ba sa zuwa dandali. Suna can ƙuryar ɗaki.

A wani ƙauye ta wajen Keita, bayan an watse, wata mata ta ja ni gefe ta ce in zo in sha ruwa a gidanta. Na gane ba ruwan ba ne. A ɗakin baya na tarar da yarinya mai kamar shekara goma sha ɗaya, hannunta na dama duk tabon ƙuna. Farfaɗiya gare ta, ta taɓa faɗawa murhu. An ware mata kwano da moɗa, ba ta cin abinci da kowa, an cire ta daga lakwal tun ranar da ta faɗi a aji yara suka gudu. Uwar ta ce, "Malama, mi zan yi? Ubanta na Abijan. Ni ke zuwa rijiya, ni ke daka, ni ke itace. In na bar ta waje ta hwaɗi cikin wuta ko rijiya, mi zan ce mishi? Rufe ta nake in tafi, ina kuka."

Na sha jin masu jawabi a manyan taruka suna cewa iyaye na ɓoye 'ya'yansu saboda jahilci da jin kunya. Akwai hakan, ban musa ba. Amma mafi yawan matan da na shiga ɗakunansu gajiya ce ta yi musu yawa, kuma su kaɗai ne. Wannan matar ta riga ta sayar da akuya biyu wajen neman magani, ta sha rubutu, ta yi turare, ta kai yarinyar wurin masu magani har uku. Wanda bai damu da ɗansa ba ba ya yin haka. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mata shi ne akwai ƙwayar da ake sha kullum, mai sauƙin kuɗi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum bakwai cikin goma masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Na zauna na ci tuwo a kwanon yarinyar, a gaban kishiyoyi da maƙwabta. Na nuna musu abin yi in ta faɗi: a janye ta daga wuta, a sa mata wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata cokali ko tsumma a baki, kada a danne ta. Sannan muka zo kan maganar da ta fi kowace nauyi, wato wa zai biya kuɗin motar zuwa likita, kuma wa zai riƙa karɓo maganin duk wata.

A nan aikinmu ya riƙa cijewa, ba sau ɗaya ba. An ba mu kuɗin lasifika da na riguna masu rubutu da na lemon taro, amma babu layin kuɗin mota ga marar lafiya. Sai mu wayar wa uwa da kai, ta yarda, ta ce to ga ni, mu kuma mu tsaya muna kallonta. Wannan ya fi ƙona mini rai a kan jariran da ake haifa da ƙafa a murɗe, tafin na kallon ciki. Kusan ɗaya cikin kowace haihuwa dubu haka take zuwa, kuma tana gyaruwa sarai in an fara da wuri. Ana lanƙwasa ƙafar a hankali a naɗa filasta, a sake duk mako har wajen mako biyar zuwa takwas, sau da yawa a ɗan yanke jijiyar dunduniya, sannan yaro ya riƙa sa wasu takalma masu sanda a tsakani, da farko dare da rana, daga baya da dare kawai, har ya kai shekara huɗu ko biyar. A Yamai akwai asibitin yara na CURE, da aka buɗe a 2010, inda ake irin wannan aiki. To amma daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Matar da mijinta ke bakin teku, wadda sai ta nemi izininsa ta waya, ta nemi mai riƙe mata sauran yara, ta nemi kuɗin mota da guzuri, gaya mata cewa "ana gyarawa" bai isa ba. Ni da na san abin da ake nufi da rayuwa a kan ƙafa ɗaya, in ga jaririn da za a iya tsayar da shi a kan biyu ana shirin barinsa saboda 'yan jikkuna, barci kan gagare ni.

Hajiya ce ta nuna mini hanya. Wani dare muna shan iska a tsakar gida na kwashe damuwata na gaya mata. Ta ce, "Ke da kike da mata, kike neman kuɗi wurin takarda?" Ashe tana cikin ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, tsarin da aka faro a Nijar tun 1991, inda mata ke zuba ɗan abin da suka samu duk mako a akwati mai makulli, su ranta wa juna, su kuma ware wani kaso na taimakon gaggawa. Ta kai ni zamansu. Na yi bayani, telarmu ta nuna da hannu yadda ta koyi ɗinki har take ciyar da iyayenta. Aka yi ta muhawara, wata ta ce kuɗin na haihuwa da rasuwa ne, wata ta ce ai wannan ma haihuwa ce. A ƙarshe suka amince a riƙa ranta wa uwar yaro mai lalura kuɗin mota ba tare da ƙarin komai ba, ta biya in aike ya zo daga Abijan. Da wannan rance jaririn farko ya tafi Yamai. Daga nan duk ƙauyen da muka shiga, kafin mu nemi mai gari da lasifika, sai mu tambaya ko akwai matan asusu.

Wani zaman da ba na mantawa shi ne da sarkin makafin wani gari. Mun je da maganar rage bara, musamman jan yara masu ido daga makaranta don su yi wa iyaye jagora. Ya saurare mu har muka gama, ya sa aka kawo shayi, sannan ya ce, "Malama, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Kina tsammani akwai wanda ke son tsayuwa ƙofar masallaci ran Juma'a da rana tsaka? Ku kawo abin da za mu ci ran Asabar, ni da kaina zan hana." Ya bayyana mana yadda suke da tsari: wanda ya kwanta ciwo ana kai masa rabonsa, baƙon makaho ana ba shi masauki, rigima ana sasanta ta a gabansa. Muka bar maganar hana bara, muka koma kan abu ɗaya da zai yiwu, wato yaran jagora. Aka shirya manyan da suka san gari su koyi tafiya da farar sanda a wurin Mushe, yaran kuma su riƙa zuwa lakwal da safe. Ba duka suka yarda ba. Wasu sun yarda, kuma sarkin ne ya fara da jikarsa.

Dokoki kam akwai su. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, shekara biyu kafin Najeriya. Tun 1993 take da dokar da ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma yi sabuwa a Disamba 2019, shekarar da mu ma aka sa hannu a tamu a watan Janairu. Ranar 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, mun karanta wasu sassan da Hausa a rediyo, mutane suka yi ta bugo waya suna tambaya ko da gaske ne. Wani gurgu mai gyaran rediyo ya ce shekararsa arba'in bai taɓa jin cewa yana da wani haƙƙi a rubuce ba. Karanta doka da harshen da mutane ke ji aiki ne babba, kuma ba ya cin kuɗi.

A makarantu kuma na lura ƙananan abubuwa ne ke mayar da yaro gida. Aji mai matakala uku. Makewayi mai ƙunci wanda mai rarrafe ba zai shiga ba sai ya sa hannu a ƙazanta, shi ya sa 'yan mata da yawa ke daina zuwa. Yaro zabiya ko mai raunin gani da aka ajiye a layin baya. Wani shugaban makaranta da muka yi wa bayani bai jira kowa ba, ya tara iyaye ranar hutu suka kwaɓa ƙasa suka yi gangare, ya dawo da yara biyu layin gaba, ya ce wa malamai su riƙa fuskantar aji in suna magana saboda mai karanta leɓe. Wata malama kuwa ta ce mini yara sun fi tamanin a ajinta, in gaya mata yadda za ta yi da kurma. Na zauna ajin nata na ga gaskiyarta. Abin da muka iya shi ne telarmu ta koya wa yaran da ke zaune kusa da shi alamun hannu na yau da kullum, su zama 'yan rakiyarsa a karatu.

Azumin 2022 ya faɗo a watan Afrilu, tsakiyar zafin bazara. Ƙarfen ƙafata kan yi zafi har in kwance shi in naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Muka mayar da fita sassafe, da rana kowa ya nemi inuwa, da dare a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida a kwana a waje. A watan ne kewar gida ta fi damuna. Nakan kira Inna bayan sallar asham, ta tambaye ni ko ina cin abinci, in tambaye ta yadda ta iya goyona shekara da shekaru ba ta gaji ba. Ta ce ta gaji mana, sau da yawa ma, sai dai akwai Gwaggo da ke karɓarta ranar da bayanta ya ƙi. Ban taɓa sanin wannan ba sai a wayar nan.

Matan ƙauye sun fi yi mini tambaya ɗaya, bayan sun gama kallon takalmina: "Malama, kin yi aure?" Ba don gulma suke yi ba, 'ya'yansu suke hangowa. Nakan ce ban yi ba tukuna, amma ina da aiki, ina da abin hannuna, kuma na san guragu da makafi da kurame da yawa masu aure da 'ya'ya lafiyayyu. Mushe ma 'ya'yansa duk masu gani ne. Sai ka ga uwa ta sauke ajiyar zuciya.

Na dawo Sakkwato da faɗuwar damina. Yanzu ina koyarwa, kuma ina bin unguwanninmu da irin tambayoyin da na koyo a Adar, domin ɗakunan baya irin waɗancan muna da su a nan ma. Rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya hana ni komawa ziyarar da na yi alkawari, har sai da aka buɗe a Maris 2024. A tsakanin nan ta waya muke gaisawa. Yarinyar wajen Keita tana shan magani, faɗuwar ta ragu sosai, tana cin abinci da 'yan'uwanta, amma ba ta koma lakwal ba, domin iyayen sauran yara sun ƙi. Mushe ya ce zai sake zuwa ya zauna da su bayan girbi. Yaron da ya fara zuwa Yamai yana gudu da ƙafafunsa, uwarsa ta biya rancenta, kuma Hajiya ta ce akwai wasu mata biyu da ke jiran akwatin ya taru.